Lambobin Yabo ga Matasan Masu Binciken Maiƙo, Kumburi da Ciwon Daji: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da aka buɗe karɓar sunaye, tambayoyi iri ɗaya ne suke dawowa daga ɗaliban digirin dakta da waɗanda suka gama ba da jimawa ba. Ga waɗanda aka fi yi mini, da abin da nake amsawa.

Me ya haɗa maiƙo da kumburi da ciwon daji har ake yi musu lambar yabo a zaure ɗaya?

Idan masu wannan fanni suka ce maiƙo, ba kitsen tumbi kaɗai suke nufi ba. Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana lulluɓe da wata siririyar fata da aka gina da maiƙo. Da zarar an ji rauni ko ƙwayar cuta ta shiga, sai jiki ya yanko wani asid mai suna arakidonik daga wannan fatar, ya sarrafa shi zuwa furostagilandin da lukotirayin da 'yan uwansu. Su ne 'yan aiken da suke buɗe hanyoyin jini, su kira fararen ƙwayoyin jini, su sa wurin ya yi ja, ya yi zafi, ya kumbura, ya dinga zogi. John Vane ya nuna a 1971 cewa aikin asfirin shi ne toshe hanyar ƙera furostagilandin, kuma a 1982 ya raba kyautar Nobel da Sune Bergström da Bengt Samuelsson na ƙasar Suwidin a kan waɗannan sinadarai.

Kumburin da ya zo ya yi aikinsa ya wuce alheri ne. Wanda ya zauna ya ƙi tafiya shi ne abin tsoro. Tun 1863 Rudolf Virchow ya lura da fararen ƙwayoyin jini a cikin tsiron daji, ya yi zargin akwai alaƙa. A 1986 Harold Dvorak ya kwatanta tsiron daji da mikin da ya ƙi warkewa, kuma har yau kwatancen bai tsufa ba. Ciwon hanta nau'in B da C yana kai wa ga dajin hanta, ƙwayar cutar H. pylori tana kai wa ga dajin tumbi, doguwar cutar kumburin hanji tana ƙara haɗarin dajin hanji. A 2016 hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, ta danganta ƙiba da nau'in daji 13. Saboda haka wanda yake auna maiƙo da wanda yake nazarin kumburi da likitan daji, sau da yawa giwa ɗaya suke shafawa, kowa ta inda hannunsa ya kai.

Wane ne “matashi” a wannan lissafi? Na haura arba'in.

Kada furfura ta sa ka janye tukuna. Mafi yawan lambobin ba shekarun haihuwa suke ƙirgawa ba, daga ranar da ka karɓi digirin dakta suke fara lissafi. Cibiyar NIH, mai ba da tallafin binciken lafiya a Amurka, tana ɗaukar mutum a matsayin sabon mai bincike matuƙar bai wuce shekara 10 da digirinsa na ƙarshe ba, kuma bai taɓa samun babban tallafinta ba. A can ma, matsakaicin shekarun da mai digirin dakta yake samun babban tallafinsa na farko ya kai wajen 42. Majalisar Bincike ta Turai, ERC, ta daɗe tana amfani da tazarar shekara 2 zuwa 7 bayan digiri ga tallafinta na masu farawa.

Akwai dai masu ƙirga shekarun haihuwa. Lambar Eppendorf ta matasan masu bincike a Turai tana tsayawa a 35, ta Blavatnik kuma a 42. Sharuɗɗan nan suna sauyawa, don haka na shekarar da kake nema za ka karanta, ba abin da abokinka ya gaya maka bara ba.

Waɗanne ne fitattu a fannin?

A ɓangaren maiƙo zalla, wadda aka fi ambata ita ce lambar Walter A. Shaw ta matashin mai binciken maiƙo, wadda ƙungiyar masana sinadaran halitta ta Amurka, ASBMB, take bayarwa. An sa mata sunan mutumin da ya kafa kamfanin Avanti Polar Lipids, mai sayar wa ɗakunan bincike tataccen maiƙo. Kuɗinta dala 2,000 ne da allon tunawa, sai kuma damar gabatar da lacca a taron shekara na ƙungiyar. Laccar ta fi kuɗin daraja nesa ba kusa ba.

Inda fannonin uku suka fi haɗuwa sosai shi ne taron ƙasa da ƙasa kan sinadaran maiƙo masu aiki a ciwon daji da kumburi, wanda aka fara a birnin Detroit a 1989, Kenneth Honn da Lawrence Marnett suna cikin jagororinsa. Gidauniyar Eicosanoid Research Foundation ce take shirya shi, kuma tana karrama matasa tare da ɗaukar nauyin tafiyar wasu. Ƙungiyar Zuciya ta Amurka tana da lambar Irvine H. Page ga ƙananan malaman jami'a masu nazarin toshewar jijiyoyin jini, wanda shi ma labarin maiƙo da kumburi ne.

A ɓangaren daji kuwa ƙofofin sun fi yawa. Ƙungiyar binciken ciwon daji ta Amurka, AACR, wadda aka kafa a 1907, tana da lambar Scholar-in-Training ga ɗalibai masu gabatar da aiki a taronta, da shirin NextGen Stars da yake ba matasa damar magana a manyan zaurukan taron. Gidauniyar Conquer Cancer ta ƙungiyar likitocin daji, ASCO, tana ba matasan likitoci dala 50,000 na shekara guda. Judith Kaur ce ta fara karɓa a 1984. Sai gidauniyar Damon Runyon, wadda aka kafa a 1946 da sunan marubucin da ciwon daji ya kashe, tana ɗaukar nauyin masu aikin bayan digirin dakta har shekara huɗu.

Lambar yabo da tallafin bincike ba abu ɗaya ba ne?

A'a. Lambar yabo tana duban baya, abin da ka riga ka yi. Tallafi yana duban gaba, abin da ka ce za ka yi, kuma za a bi ka bashin rahoto da lissafin kuɗi. Tallafin ERC na masu farawa yana kai Yuro miliyan 1.5 a shekara biyar. Shirin K99/R00 na NIH yana riƙe mutum har shekara biyu a ƙarƙashin malaminsa, sannan har uku bayan ya buɗe ɗakin bincikensa. Na gidauniyar Pew dala 300,000 ne a shekara huɗu. Inda ake rikicewa shi ne, da yawa daga cikin tallafin nan ma “lamba” ake kiransu. Duba ko an nemi ka rubuta tsarin aiki da kasafin kuɗi. In an nema, tallafi ne.

Ni zan nema da kaina, ko sai wani ya miƙa sunana?

Na tafiya taro da na fosta, yawanci kai ne kake nuna sha'awa lokacin da kake tura taƙaitaccen bayanin aikinka. Wani ɗan akwati ne kawai za ka danna, kuma za ka yi mamakin yawan mutanen da ba sa dannawa. Manyan kuwa, galibi sai wani ɗan ƙungiya ya miƙa sunanka da wasiƙa, wasu biyu ko uku su mara masa baya.

A nan ne gizo yake saƙa. Matasa da yawa suna zaune suna jiran Farfesa ya tuna da su da kansa, suna ganin rashin kunya ne mutum ya ce a zaɓe shi. Farfesa kuwa yana da ɗalibai goma, da tarurruka, da nasa neman tallafin. Bai ƙi ka ba, mantawa ya yi. Wanda ya je ya ce, “Malam, an buɗe lamba kaza, ina ganin na cika sharuɗɗa, ko za ka duba?” shi ne ake rubuta wa wasiƙa. Ka je da wuri, aƙalla wata biyu kafin a rufe, ka kai masa takardar tarihin aikinka da shafi guda da ya fayyace abubuwa uku da ka gano. Kada ka ji nauyi in ya ce ka zana masa daftarin farko, abu ne da aka saba, shi zai gyara ya sa muryarsa.

Na taɓa ganin wasiƙa biyu a kan mutane biyu da aikinsu ya yi kusan kai ɗaya. Ta farko ta cika shafi biyu da “haziƙi ne, mai ƙwazo, mai ladabi”. Ta biyu sakin layi huɗu ce kawai, amma ta ce kafin wannan yarinya kowa yana ɗauka sinadari kaza daga ƙwayoyin daji yake fitowa, ita ta nuna daga fararen ƙwayoyin da suke kewaye da tsiron yake fitowa, kuma ɗakunan bincike biyu sun maimaita sun samu haka. Ba a ɗauki minti biyar ana muhawara ba.

To me alƙalan suke dubawa a zahiri?

Abu na farko, ko akwai wata tambaya da za a ce taka ce. Matashin da ya fito daga babban ɗakin bincike yana da takardu a manyan mujallu, amma alƙali zai tambayi kansa: wannan tunaninsa ne ko na maigidansa? Shi ya sa ake duba wane ne na farko a jerin marubuta, wane ne na ƙarshe, da ko mutum ya buga wani abu ba tare da sunan malaminsa ba. Misalin da ake yawan kawowa shi ne Scott Dixon, wanda yana aikin bayan digiri a ɗakin Brent Stockwell a jami'ar Columbia suka raɗa wa ferotosis suna a 2012, wato mutuwar ƙwayar halitta idan ƙarfe ya sa maiƙon fatarta ya lalace. Daga baya ya buɗe nasa ɗakin a Stanford ya ci gaba da bin tambayar ta hanyarsa.

Na biyu, kuma wannan ya fi tsanani a fannin maiƙo, shi ne ingancin awo. Sinadaran nan ƙanana ne ƙwarai a jini, wasunsu cikin daƙiƙoƙi suke lalacewa, wasu kuma bayan an ɗebi jinin suke samuwa. Ka bar jini ya daskare a kwalba, ƙwayoyin daskarar da jini za su ƙera turomboksen mai yawa, ka auna ka ɗauka daga jikin mara lafiya ya fito. Iska tana ɓata maiƙo. Roba tana zubar da datti a cikin kulorofom, ruwan da ake narkar da maiƙo a cikinsa, shi ya sa ake aiki da gilashi. Alƙalin da ya ƙone hannunsa da waɗannan zai tambaye ka: a kan ƙanƙara ka yi aikin? Minti nawa tsakanin ɗiba da sanyawa a firiza mai sanyin 80 ƙasa da sifili? Ka zuba ma'aunin kwatance, wato sinadarin da aka san yawansa, kafin ka tace ko bayan ka tace? Ya alamar ta fito a na'urar auna nauyin sinadarai, tsaf take ko tana nutsewa cikin hayaniya? Tsarin LIPID MAPS, wanda aka fara a 2003 ƙarƙashin Edward Dennis, ya raba maiƙo gida takwas ya daidaita sunaye, kuma wanda ya rubuta suna yadda ya ga dama yana tona kansa tun a shafin farko.

Sunan mujalla fa? Tun sanarwar DORA ta 2012 hukumomi da yawa suka sa hannu cewa ba za su auna mutum da martabar mujallar da ya buga a ciki ba. A takarda ke nan. A ɗakin zaɓe, ido yana nan yana tsayawa a kan manyan sunaye, kuma duk wanda ya ce maka an daina gaba ɗaya, yana faɗa maka yadda ya kamata ne.

Lambar fosta tana da wani amfani, ko ta yara ce?

Tana da shi, kuma ita ce mafi sauƙin samu. Ka kwatanta babban zaure, alluna ɗaruruwa a jere, kowa tsaye gefen nasa. Wata dattijuwa ta tsaya gaban naka, ta juya katin sunanta ciki, tana riƙe da kofi. Minti uku za ta ba ka. Idan ka fara da tarihin fannin tun daga Virchow, kafin ka kai ga naka ta wuce. Idan ka ce, “Mun tambayi ko ƙwayoyin dajin da suke yaɗuwa sun fi shan maiƙo, ga hoton da ya ba mu amsa, ga kuma inda nake shakka,” za ta ajiye kofin. Wannan “inda nake shakka” yana ɗaga mutum a idon alƙali fiye da yadda matasa suke zato. Ƙaramar lamba ita take shiga takardar tarihin aiki ta zama hujjar mai rubuta maka wasiƙar babba.

Na haihu sau biyu bayan digirina, aiki ya tsaya. Lokacina ya wuce ke nan?

Kada ki yanke wa kanki hukunci. ERC tana ƙara wata 18 a kan kowace haihuwa, NIH tana ƙara shekara guda. Doguwar jinya, kula da mara lafiya a gida, aikin soja da horon likitanci ma ana lissafa su a wurare da yawa. Sai dai ba a ƙarawa a ɓoye, ke za ki nema, da takardun shaida. In sanarwar ba ta ce komai ba, rubuta wa sakataren kwamitin ki tambaya kafin ki haƙura.

Ba a Amurka ko Turai nake aiki ba. Akwai rabona?

Gaskiya ƙofar ta fi ƙunci, domin mafi yawan kuɗin da ƙungiyoyin a can suke, kuma na'urar auna maiƙo tana da tsada, ga kulawa. Amma ba a rufe take ba. AACR tana da lamba ta musamman ga matasa daga ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki, mai ɗaukar nauyin zuwa taronta. Ƙungiyar mata masana kimiyya, OWSD, da gidauniyar Elsevier suna ba mata masu fara aiki a ƙasashe masu tasowa dala 5,000. Cibiyar masana kimiyya ta TWAS da ke Trieste a Italiya tana da shirin matasan mambobi. Tallafin ERC ba ya duba fasfo, wurin aikin ne dole ya kasance a Turai ko ƙasar da ke cikin shirin. K99/R00 ma baƙo yana iya nema in yana aiki a wata cibiya a Amurka. Abin da na ga yana cin nasara daga ƙananan ɗakuna shi ne tambayar da manyan ba su da hanyar yi, kamar nau'in daji ko cutar kumburin da ta yi yawa a inda mutum yake, da samfuran da aka tattara da tsafta, sannan a haɗa gwiwa da masu na'ura.

In an ba mutum lamba, bincikensa ya tabbata ke nan?

Ko kusa. Lamba ra'ayin mutum biyar ko bakwai ce a wata rana. Tarihin fannin nan cike yake da abubuwan da suka yi kyau a farko. An gano COX-2, ɗaya daga cikin sinadaran da suke ƙera furostagilandin, a farkon shekarun 1990, aka ƙera magungunan toshe shi, har aka fara gwada su don hana tsiron hanji. A irin wannan gwaji ne aka ga Vioxx, ɗaya daga cikin magungunan, yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar jiki, aka janye shi daga kasuwa a watan Satumban 2004. A 2017 gwajin CANTOS, mai mutane sama da 10,000, ya nuna maganin kumburi canakinumab yana rage matsalar zuciya, kuma an ga ƙarancin dajin huhu a cikin waɗanda aka yi wa allurarsa. Murna ta tashi. Da aka gwada shi kai tsaye a kan masu dajin huhu, bai yi abin da aka sa rai ba. Ko resolbin, sinadaran da Charles Serhan ya bayyana a farkon shekarun 2000 a matsayin masu kashe wutar kumburi, har yanzu masana suna ja-in-ja a kan yawan da ake iya aunawa a jikin mutum.

Wasu kuwa sun tsaya da ƙafarsu. Gwajin CAPP2 ya nuna asfirin yana rage dajin hanji ga masu gadon cutar Lynch, mai ƙara haɗarin wannan dajin. Michael Brown da Joseph Goldstein ba su daɗe da haura talatin ba suka gano ƙofar da ƙwayar halitta take shigar da kolestarol, aikin da ya kai su ga Nobel a 1985. A ranar da ake tafa wa matashi, babu wanda ya san a wane layi aikinsa zai faɗa.

Na nema sau biyu ban samu ba. In ci gaba?

Akwai bincike biyu da ya kamata ka sani. A 2018 wasu masana suka bi diddigin masu neman tallafin matasa a ƙasar Holan, suka kwatanta waɗanda suka tsallake da ƙyar da waɗanda suka faɗi da ƙyar, mutanen da makinsu kusan ɗaya ne. Cikin shekara takwas, waɗanda suka tsallake sun tara kuɗin bincike fiye da ninki biyu. Wannan shi ne abin da Robert Merton ya bayyana tun 1968, cewa mai suna ake ƙara wa suna. Amma wani ɓangare na tazarar ya samo asali ne daga waɗanda suka faɗi, domin da yawansu sun daina nema.

A 2019 wani binciken ya duba matasan da suka nemi babban tallafin NIH. Waɗanda suka faɗi da ƙyar sun fi barin aikin bincike, amma waɗanda suka daure a cikinsu sun zo sun fi waɗanda suka tsallake da ƙyar buga ayyuka masu tasiri. Ni abin da nake gaya wa ɗalibai shi ne su nemi bayanin alƙalai in ana bayarwa, su ajiye shi mako guda har zuciya ta huce, sannan su karanta da biro a hannu. A wasu ƙungiyoyin ma sunan da aka miƙa yana zama a layi fiye da shekara guda, sai dai a sabunta takardu.

Kamfanoni ne suke ɗaukar nauyin da yawa. Ba matsala?

Ya danganta da wanda yake zaɓe. In kamfani ya ba da kuɗi, ƙungiyar masana ta kafa kwamiti mai zaman kansa, ban ga aibu ba, haka aka daɗe ana yi. In kamfanin ne da kansa yake zaɓe, kuma sharaɗin shi ne ka yi amfani da kayansa, to talla ce, karɓi abinka amma ka san sunanta. Likitan da yake gwajin magani kuma ya bayyana duk kuɗin da ya karɓa a takardunsa.

An turo mini saƙo cewa an zaɓe ni “gwarzon matashin masanin shekara”, amma in biya kuɗin rajista. In biya?

Kada ka biya. Lambar gaske ba ta karɓar kuɗi a hannun wanda ta zaɓa. Kuɗin zama ɗan ƙungiya ko na halartar taro daban ne, kuma kafin zaɓe ake biyansu, kowa da kowa. Irin wannan saƙo yakan zo da yabo mai yawa, ya ambaci wata takardarka da aka kwafo sunanta daga intanet, wani lokaci ma ba a fanninka lambar take ba, sannan ya ba ka kwana uku. Nemi jerin waɗanda suka ci a baya da sunayen 'yan kwamiti, ka ga ko akwai wanda ka taɓa karanta aikinsa. Wani abokin aikina ya biya, aka aiko masa da hoton satifiket ta imel, an rubuta sunansa ba daidai ba. Ya sa a takardar tarihin aikinsa, kuma a wata ganawar neman aiki tambayar farko da aka yi masa ita ce su wane ne suka zaɓe shi.